Ƙarar da Ke Tsoron Bakanike

Ƙarfe ɗaya saura kwata, Jidda ta zama tanda.
Mu bakwai ne a gindin katangar makarantar yara,
a inuwar da ba ta kai faɗin tabarma ba.
Kowa da shayinsa a kofin takarda,
kowa da ciwon motar da ba tasa ba.

Ilu ɗan Tawa ne ya buɗe, kullum shi ke buɗewa:
"Sahir ta sake ƙifta mini ido a hanyar Madina.
Walƙiya na gani, babu hadari.
Kafin in kai gida, saƙo ya riga ni shiga wayar maigida.
Riyal ɗari uku, daga albashina,
alhali shi ne a baya yana ta yalla, yalla,
kamar jirgin zai tashi da surukarsa."

Barau ya ce tasa shan ruwa take
kamar raƙumin da ya kwana uku a rairayi.
Ya sauya murfin lagireto, ya sauya tiyo, a banza.
Tanimu ya ce fanka ce.
Jibo ya ce ba fanka ba ce, kan inji ne ya ƙone.
Tsoho Maikano, shekara talatin a sitiyari,
ya hura shayinsa ya ce,
"Mota ba ta ƙarya, masu duba ta ne ke yi."

Sai aka koma kan shataletalen Keke,
inda mutum zai tsallako layi huɗu a numfashi ɗaya
ya kuma ɗaga maka hannu, wai kai ne mahaukaci.
Jibo ya ce, "Wanda ya ba ka sigina a garin nan,
bi shi ka tambayi sunan kakansa,
jininku ɗaya."

Ni nawa ciwon ƙarami ne, shi ya sa ya fi cin rai.
Wata ƙara ce, kas-kas-kas,
can ƙarƙashin gilashi, hannun dama.
In na taka burki ta yi, in na sha kwana ta yi,
in uwargida na waya sai ta ƙara murya.
Sau uku ina kai ta Sina'iyya
wurin Usta Muƙbil, Bayamalen nan mai haƙorin azurfa.
Da ya shigo ya zauna, sai ta yi tsit,
kamar ɗan da ya hango bulalar malam.
Mu zagaya, mu hau tudu, mu faɗa rami da gangan,
shiru.
Ya dube ni irin duban da ake wa mai zazzaɓi.
Ya dai sauya shokozoba, don kada in tafi hannu biyu.
Ina fita ƙofar gareji ta ce, kas.

Maikano ya ce in yi sadaka.
Barau ya ce in ƙara muryar rediyo.

Ƙararrawa ta kaɗa, taro ya watse.
Nawwaf ya fito yana jan jaka a ƙasa,
ɗan maigidana, shekara shida, hanci duk gumi.
Ya haye gaba, ya ciro dabino daga aljihu,
ya cinye, ya tsotse ƙwallon tas,
ya tura shi a hankali cikin ramin iskar sanyi.
Na ji saukarsa. Kas.

Na ce, "Nawwaf, mene ne wannan?"
Ya ce, "Asusuna ne, Ammu. Kullum ɗaya.
In sun kai ɗari za a ba mu hutu."

Na riƙe sitiyari, na dubi titi yana rawa don zafi.
Dariya ta taso, kuɗin shokozoba suka danne ta,
ta sake tasowa.

Gobe a gindin katanga za su tambaye ni.
Zan ce Usta Muƙbil ya kusa gano ta.